Raƙumin Dawan Baƙon Kumanda

Ku kashe moton nan ku matso, ba na jin maganar kaina. Tun ɗazu nake sauraronku, wai aikin nuna wa baƙo namun daji ba aiki ba ne, yawo ne da albashi. Kai mai dogon wuya, kai ka faɗa, kada ka sunkuyar da kai, kunnena bai mutu ba tukuna. Jiya-jiya aka ba ku kakin gandun daji, ko wanki ɗaya bai sha ba, har kun gama sanin daji. To madalla. Ni Ila, wanda daga Agiye har Gazawa ake ce wa Ila Mai Sawu, na tsufa cikin aikin ga, kuma har na ajiye shi ban daina jin tsoronsa ba. Ku zauna in gaya muku yadda yake.

Wurin kawuna Nomau na koya, ƙanen uwata, mahalbi ne na gasken gaske. Ranar farko da ya fita da ni bai ba ni baka ba, bai ba ni ko wuƙa ba. Ya kai ni bakin wani tabki arewa da garinmu, ya nuna mani laka, ya ce, "Gaya mani wa ya sha ruwa nan." Na duba na ce shanu. Ya ce, "Sai wa?" Na ce akuya. Ya zabga mani ranƙwashi har sai da na ga wuta, ya ce akuyar gidan uban wa ke zuwa nan ita kaɗai, ba makiyayi, ba kare? Barewa ce. Daga ranar kullum sai laka, kullum sai kashi. Ku yi dariya, ai ban hana ku ba. Kashin dabba shi ne allon mahalbi. Ka murje shi a hannu ka ji ko na yau ne ko na shekaranjiya, ka ga abin da ta ci, ka san inda za ta koma ci gobe. Damina nawa na yi ina murzar kashi kafin kawu ya yarda in shiga gabansa, ni kaina ban ƙirga ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma duk wanda ka manta a gida sai ka ji a jikinka. Takalmin fata mai faɗi, wanda ba ya ƙara bisa busasshen ganye. 'Yar salka, ba gora ba, don gora da ruwa ya ragu cikinta sai ta kama surutu kana tafiya, barewa na ji tun daga nesa. Sanda, ɗan gatari na sarar ƙaya, da wata 'yar jakar tsumma cike da toka. Tokar nan ita ce babba. Ka kaɗa jakar, ka ga inda tokar ta nufa, ka san inda iska ke kai warinka. Tufa kuwa sai wadda ta sha jiki ta koma launin ƙasa. Kakin da aka ba ni daga baya sai da na jiƙa shi cikin ruwan bagaruwa kafin in shiga daji da shi, maigidana na buro, wato ofishinmu, ya yi ta faɗa, wai na lalata kayan gwamnati.

A ƙarshen mulkin nasara aka ɗauke ni gandun daji, bayan kawu ya rasu. Lokacin an hana harbin raƙumin dawa da jimina, duk wanda aka kama sai kaso, wato gidan yari. Aikinmu tsaron daji, amma ni saboda idona sai aka riƙa haɗa ni da baƙi masu zuwa kallo. Wata madam da na taɓa kaiwa ganin jimina can wajen Cadakori, ba na manta ta. Ta fito mota da farar riga fat, ta sha turare har idona na yaji, ga awarwaro a hannu yana kacau-kacau. Na ce wa tafinta ya gaya mata ta tuɓe awarwaron, ta yafa bargon direba. Ta ce ina! Muka wuni muna bin jiminu, su kuma suna wuni suna ba mu baya. Da yamma ta zauna gindin aduwa ta fashe da kuka, ta ce ni ne ban san aiki ba. Washegari da kanta ta ɗauki bargon, mai warin man mota, ta lulluɓa. Kafin rana ta yi zafi na tsayar da ita gaban namiji da matansa suna tsince-tsince, ta kalla har wuyanta ya gaji.

To kun ga bambancin ke nan da halbi. Mahalbi da ya kai inda kibiya za ta isa, ya gama aikinsa. Ni kuwa sai in ɗauki mutumin da bai iya tafiya ba, bai iya shiru ba, ga tari ga atishawa, in kai shi gaban dabba, in tsayar da shi har ya ƙoshi da kallo, mu juya mu bar ta tana kiwo, don gobe akwai wani baƙon. Kuma ba ka da ikon cewa yau daji ya hana. Mutum ya taso tun daga bayan teku, ka ce mashi ya yi haƙuri? A fuskarka zai ga laifin, ko bai faɗa ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda wannan sana'a ce ba, shi ne surukina, uban matata Hajo. Shi ne Sarkin Dawa na garinsu, wani ƙauye arewa da Agiye, kuma duk mahalban yankin a hannunsa suke karɓar izini. Bai taɓa faɗa mani a ido ba, ai suruki ba ya yin haka. In na je gaisuwa, na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure na durƙusa, sai ya juya wajen abokan zamansa ya ce, "Ku tambayar mani mijin yarinyar nan, wai da gaske ne wuni yake yi yana bin nama ya dawo hannu Rabbana? Allah ya jiƙan Nomau, ya yi asarar koyarwa." Su yi ta dariya, ni kaina na ƙasa ina zanen ƙasa da tsinke. Abin nan ya tsaya mani a rai ƙwarai. Ba abin da nake so duniya kamar rana ɗaya tsohon nan ya ga aikina da idonsa, ya ce ashe yaron ga yana da sana'a.

Shekarar da ta zame mani mummuna ba fari aka yi ba, ba fara. Damina ma ta yi kyau, wake ya yi 'ya'ya har ana rasa masu roro. Ba a daɗe da sauke tutar nasara ba, aka kawo mana kumanda baƙar fata, mai mulkin yankin, a Tasawa, inda buronmu yake a lokacin. Saurayi ne siriri mai tabarau, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya yi lakol, wato boko, mai zurfi a ƙasar nasara. Wata safiya ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Ila, kana da raƙuman dawa?" Sai ka ce a turke na ɗaure su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ke da su, amma na san inda suke kiwo."

Ya ce in zauna. Ban taɓa zama a buron kumanda ba sai ranar, na ɗosana a bakin kujera. Ya ce lokacin da yake lakol can, akwai wani mushe, haka muke ce wa malamin lakol, malaminsu ne, dattijo, da ya riƙe shi kamar ɗansa. Da aka yi hutu ya ɗauke shi ya kai shi duwatsun ƙasarsu.

"Duwatsu ne, Ila, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba, kansu fari fat da ƙanƙara ko da bazara. Gwamnatinsu ta keɓe wurin, ba a harbi, ba a sara. Awakin dutse masu manyan ƙahoni suna tsaye suna kallonka kana kallonsu, ba mai gudun wani. Mutane su cika jirgin ƙasa su je, ba don komai ba sai su hau dutse, su yi kallo, su sauko."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai irin baƙina ke nan. Ashe can ne gidansu."

Ya yi dariya, sa'an nan ya gimtse. Ya ce, "Da takalmin aro na hau dutsen nan, shi ya riƙe hannuna inda ƙanƙara ke santsi. Da muka kai sama ya tambaye ni, ku me kuke da shi a ƙasarku? Na ce muna da dabbar da ke cin ganye a kan itace tana tsaye a ƙasa. Yanzu ya ajiye aiki, ya taso zai zo gani. Biki ne ya yi mani, Ila, dole in rama. Ƙasa ta dawo hannunmu, kada a ce ba mu da abin nunawa. Kada ka ba ni kunya."

Abin nema ya samu. A kakar nan wani ɗan garke ya gangaro daga arewa, waken nan ya jawo su, suka zauna wata fadama mai gawo da farar ƙaya, dab da garin surukaina. Ardo Jaɓɓi, wani Bafillace da ke kiwo wajen, shi ya fara ba ni labarinsu, na je na yi kwanaki ina binsu. Sawun raƙumin dawa ya fi na kowane sa girma, kashinsa kuwa ƙanana ne kamar na raƙumin gida, amma a warwatse, don daga sama yake faɗowa. In kana son sanin inda ya ci, sama za ka duba, inda aka aske reshe a wurin da hannun mutum ba ya kaiwa. Akwai mata, akwai ɗan ƙarami mai bin uwa, sai wani babban namiji da ya tsufa har zanensa ya yi baƙi. Shi ba a yi masa sanɗa. Yana hange tun daga nesa, da ya ga kana laɓe-laɓe ya san da mugunta ka zo. Sai dai ka shiga cikin shanun Fulani ka tafi sannu-sannu kamar makiyayi, don ya saba da su. Muka shirya da Ardo, ranar da baƙo zai zo ya kai shanunsa bakin fadama ya jira mu.

Abu ɗaya ya dame ni. Manoma sun fara gunaguni a kan wakensu, na ji ana cewa za a fito da gwangwani da wuta a kore su. Na koma na gaya wa Kumanda. Ya ce, "Su wa ke da wurin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, garin surukaina ne." Wallahi ina faɗa ina jin daɗi har cikin raina. Na ce a zuci, motar kumanda za ta tsaya ƙofar tsohon nan, kuma ni zan fito daga cikinta. Kumanda ya kira wani gardi mai doki, dogarin buro, ya ce, "Je ka gaya wa maigari da Sarkin Dawa, babban baƙona ya taso tun daga ƙasar nasara saboda raƙuman dawan nan. A tsare mana su, kada su tafi, sai mun iso." Ina tsaye aka faɗa, ban ji komai a ciki ba. Mu a buro tsarewa ita ce aikinmu kullum, mu tsare itace, mu tsare dabba kada a taɓa. Ni kuma aka sa ni gaban 'yan aikin hanya, mu sare ƙaya mu cike ramuka inda mota za ta bi, ban samu na leƙa garin ba.

Ranar tafiya muka fito da sassafe, ni da Kumanda da direba da tsohon Mushe. Ku ji wani abin haushi: duk rayuwata ban taɓa samun baƙo irinsa ba. Dattijo ne, kai fari, gajeren wando, takalmi mai nauyi, madubin hangen nesa da na'urar hoto rataye a wuya. Ba turare, ba taba. Da muka bar mota muka taka, sai na ga mutumin ya iya tafiya, inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Na kaɗa jakar toka, ya duba inda ta nufa, ya gyaɗa kai, da kansa ya koma bayan iska. Kumanda ne ma ke ta karya kara da takalmin buro. Na ce yau aikina zai yi kyau.

Muka isa bakin fadama, ba Ardo, ba shanu. Na san ba lafiya ba, don Bafillace ba ya ɗauke garke daga ciyawa irin wannan a banza. Na duƙa na duba ƙasa. Ga sawun raƙuman nan, amma ba na kiwo ba ne, ya nutse, tsakaninsa da nisa, ƙasa ta fantsama baya. Gudu suka yi. A bisa sawunsu ga kofaton dawaki, ga na karnuka, ga ƙafafun mutane sun yi layi ta gabas sun toshe mafita. Na ɗaga kai, sai ga jini a ganyen farar ƙaya, can sama inda ba jinin da zai kai sai na dabba ɗaya. Ungulaye na ta kewaya ta wajen gari.

Kumanda ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sun motsa."

"Sun motsa ina?"

A daidai nan muka jiyo ganga. Gangar mahalba ce, na san ta tun ina yaro, ba a kaɗa ta sai an kayar da babban nama. Jama'a ce ta fito tarye, maza da mata da yara, ana guɗa. Tsohon Mushe ya yi murmushi ya ɗaga musu hannu, yana tsammanin daga nan za a kai shi wurin kallo. Suka sa mu tsakiya suka nufi gari da mu.

A gindin tsamiyar ƙofar maigari suka shimfiɗa fatar, an kafe ta da turaku, ta cinye rabin inuwar. Babban namijin nan ne, na gane baƙin zanensa. Kan da wuyan an ɗora su bisa tabarmi an jera, an kore ƙuda, an gyara su kamar kayan lefe. Ga tukwane na tafasa, ga nama a kan igiya ana shanya. Sai surukina ya fito cikin rigarsa ta layu, wadda ba ya sawa sai babbar rana, riƙe da faifai, a bisa faifan ga wutsiyar. Maroƙi na yi masa kirari. Ya durƙusa gaban Kumanda, dattijon da a shekaru ya isa ya haife shi, ya yi jika da shi, ya miƙa faifan.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, saƙonka ya iso. Mun tsare su a bakin fadama, mun zaɓar wa baƙonka babban cikinsu. An yanka shi da bisimilla kafin rai ya fita. Ga ɓargo can an ajiye wa tsohon, ya fi komai daɗi." Sa'an nan ya juya wajen maigari, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Mijin yarinyar nan ne ya jawo mana wannan girma. Ashe yaron yana da rana."

Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, jama'a, a wannan wuri ta same ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohon Mushe ya ratsa jama'a. Ya je ya tsuguna wajen kan, ya tuɓe hularsa, ya shafa ƙahonnin nan guntaye, ya daɗe yana duban idon. Ya faɗi wata 'yar magana da harshensu, ɗan abin da na tsinta shi ne, ashe haka girmansa yake. Na'urar hoton tana wuyansa, bai taɓa ta ba. Ganga ta yi shiru da kanta, don masu kaɗawa sun ga fuskar Kumanda.

Kumanda ya ce, "Wa ya ce ku kashe?"

Surukina ya ce, "An ce a tsare, ranka ya daɗe."

"Tsarewa kashewa ce?"

"A bakin mahalba, in an tsare nama ai an toshe masa hanya ke nan, sai kibiya. Ba tunkiya ba ce balle a ɗaure ta a turke. Kuma muka ce hanin nan na nasara ne, ya tafi da su. Yanzu ɗanmu ne a kujera, ya yi babban baƙo, ya aiko gida. Wa ke yin baƙo ya nuna mashi nama da yatsa?"

Na san abin da ke cin Kumanda. Ba raƙumin kaɗai ba ne, malaminsa ne ke tsugune can, mutumin da ya riƙe hannunsa bisa dutse, ga abin da ya rama masa da shi. Kunya ce ta kama shi, ita kuwa kunyar mai mulki a kan na ƙasa take sauka. Ya ce doka tana nan, ba ta bi nasara ba, kuma yau za a gani. Ya juyo kaina.

"Kai ne ma'aikacin gandun daji a nan. Faɗi sunan wanda ya harbi dabbar nan, da ƙarfi, kowa ya ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ne."

"Baba ba suna ba ne. Sunansa na ce."

Ku 'yan zamani, na san wasunku har shayi kuke sha da surukanku kuna taɓa hannu. Mu a lokacinmu sunan uban matarka ba ya fita bakinka, ko a bayan idonsa, ko yaro ne ya ci sunan sai dai ka laƙaba masa wani. Balle a gabansa, a ƙofar garinsa, uwar Hajo na bayan danga tana ji, kuma in faɗe shi a matsayin mai laifi. Kumanda Bahaushe ne, ya san haka sarai, amma ransa ya riga ya ɓaci, ba ya ganin gabansa.

Ya ce, "Ko ka faɗa, ko ka tuɓe kakin nan yanzu ka ajiye."

Duk garin ni suke kallo, har yaran da ke bisa tsamiya. Na kai hannu ga maɓallin rigar na fara ɓallewa. Sai surukina ya ajiye faifan a ƙasa, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Bar shi da rigarsa, ranka ya daɗe, da ita yake ciyar da jikokina. Bakinsa ba zai iya ba, kuma da ya iya da ban ba shi ɗiyata ba." Sa'an nan ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, ya ce, "Ni na harba. Yaran nan dawaki kawai suka kora." Kada ku tsaya kallon bakina, ba za ku ji sunan daga gare ni ba yau ma.

Tsohon Mushe ya taso ya riƙe hannun Kumanda yana yi masa magana a hankali, da gani roƙo yake. Kumanda ya zare hannunsa. Ya ce mani, "Ka kawo shi buro da kanka." Ya sa direba, da ya riga ya biyo mu da motar har gari, ya jefo mani igiya daga bayanta, suka shiga suka tafi. Tukwanen nan na ta tafasa, ba wanda ya ɗanɗana. Dattijon da ya ƙetare teku ya koma ƙasarsu bai ga raƙumin dawa a tsaye ba, don sauran sun yi arewa a guje, na bi sawunsu daga baya har ya ɓace mani cikin tudu. Ban sake ganin ko ɗaya a yankinmu ba har na bar aiki.

In gajarce muku, an riƙe surukina 'yan kwanaki a Tasawa, aka karɓe bakansa da kwarinsa, sarakuna suka sa baki aka sake shi. Amma ba buron ne ke ƙona ni ba har yau, hanyar ce. Da motar ta ɓace, na tura igiyar can ƙasan jakata, na koma gefe na tsuguna, na rasa ta inda zan fara. Shi ya shiga gida, ya tuɓe rigar layu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko buta da sanda. Ya fito ya ce wa maigari, "A gaya wa mijin yarinyar nan na shirya."

Ya shiga gaba, na bi shi a baya, da 'yar tazara kamar yadda aka saba. Ni ne mai kamu, amma ko inuwarsa ban yarda na taka ba. Bai waiwayo ba. Lokacin roron wake ne, gonaki cike da mutane, kuma labari bai riga ya kai ƙauyukan gaba ba. Duk inda muka ratsa sai a miƙe a gaishe shi, don ba wanda bai san shi ba. A bakin wata rijiya muka tarar da dattawa suna hutawa, abokan halbinsa na da. Ɗayansu ya ce, "A'a, Sarkin Dawa! Ina zuwa haka da rana tsaka, har da ma'aikacin gwamnati a baya?"

Ya ce, "Surukina ne. Kumanda ya ba shi babban aiki, shi ne nake ɗan taka masa."

Suka ce kai madalla, haka ake so, Allah ya yi wa yaron albarka, Allah ya ƙara girma. Suka ɗaga hannu suna shafawa. Ni kuwa, da igiyar gwamnati cikin jakata, na durƙusa na ce amin.